Idona ya yi ja har ana zargina da shaye-shaye

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 27, ina aikin ofis. Wata huɗu ke nan da aka mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin fayil, tun daga lokacin idanuna biyu suke ƙaiƙayi kamar in ƙwaƙule su, ga hawaye, ga atishawa kowace safiya. Na sayi maganin ɗigawa a kantin magani, a jikin kwalbar an rubuta naphazoline. Da na ɗiga, kafin minti biyar ido ya yi fari tas. Da farko sau biyu a rana ya ishe ni, yanzu sai na ɗiga sau shida ko bakwai, kuma da ya sake ni sai jan ya dawo fiye da na da. Abin da ya fi ƙona mini rai, shugabana ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na fara shaye-shaye. Wallahi Anti ko sigari ban taɓa sawa a bakina ba. Kwana goma da suka wuce wani abokin aikina ya ba ni ragowar nasa maganin, mai ɗauke da dexamethasone da neomycin. Ban taɓa ganin magani irinsa ba, cikin kwana biyu komai ya lafa. Ya kusa ƙarewa, ina so in sayi nawa. Mahaifina yana fama da hawan jinin ido, shi ya sa ƙanwata ta ce in tambaya tukuna. In saya?

Ɗanki mai jan ido

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka saya. Ragowar da ke hannunka ma ka daina ɗigawa daga yau, amma kada ka yar da kwalbar, za ka tafi da ita wurin likitan ido cikin makon nan. Allah ya yi wa ƙanwarka albarka, ta yi maka abin da ba ka san girmansa ba tukuna.

Na fara da wannan ne don shi ne na gaggawa. Amma bari in koma farkon zancen, domin sai ka gane abin da ke faruwa a idonka sannan za ka yarda ka rabu da kwalaben nan biyu, alhali kowacce ta nuna maka kamar tana aiki.

Yadda ka kwatanta abin, ido biyu a tare, ƙaiƙayi mai tsanani, hawaye tsararo ba kwantsa mai kauri ba, atishawa da safe, kuma duk ya faro ne bayan an kai ka cikin tsofaffin takardu, wannan kamannin alaji ne, wato jiki ya ɗauki wani abu mara cutarwa a matsayin abokin gaba. A saman farin ido da cikin fatar ido akwai wani siririn tantani, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast. Suna nan cike da wani sinadari mai suna histamin. Idan ƙura, ko funfuna irin wadda kan kama takarda da ta daɗe a ajiye, ko garin fure, ko gashin kyanwa ya sauka a idon mai alaji, sai waɗannan ƙwayoyi su fashe su zubar da histamin ɗin. Shi ne ke tsokanar jijiyoyi ka ji ƙaiƙayi, shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini ido ya kaɗa, shi ne ke sa fatar ido ta kumbura. Ka ga ashe ja ba shi ne ciwon ba. Alama ce kawai, kamar hayaƙi a saman ɗaki.

To naphazoline ɗinka hayaƙin yake kora, wutar na nan tana ci. Shi da 'yan uwansa, tetrahydrozoline da oxymetazoline, aikinsu ɗaya ne: su matse hanyoyin jinin da ke farin ido su tsuke, jini ya ragu a cikinsu, ido ya yi fari. Ba ruwansu da histamin, ba ruwansu da ƙwayoyin mast. Idan mutum ya ɗiga sau ɗaya ko biyu don wata lalura ta yini guda, ba laifi. Matsala tana zuwa ne idan aka mayar da shi abin kullum. Hanyoyin jinin sai su saba da matsin, su daina jin magani kamar da, kuma duk lokacin da ƙarfinsa ya ƙare sai su buɗe fiye da yadda suke tun asali. Sai ka sake ɗigawa, sai su sake buɗewa. Daga sau biyu zuwa sau bakwai, hanyar da ka bi ke nan, kuma mutane da yawa sun bi ta kafin kai. Ba a banza ba ake rubuta a takardar irin waɗannan magunguna cewa idan abin ya wuce awa 72 a daina a ga likita. Kai kuma ka yi wata huɗu. Ina da yaƙinin cewa kaso mai yawa na jan da shugabanka ya gani, maganin ne ya haifar da shi, ba alajin ba.

Wani lokaci za ka ga an haɗa naphazoline da pheniramine a kwalba ɗaya. Wannan ya ɗan fi, domin pheniramine yana tare histamin, ƙaiƙayi kan ragu. Amma mai matse jijiyar yana nan a ciki, don haka dokar kwana uku tana kansa shi ma. Kuma dukansu suna iya ɗan buɗe ƙwayar ido, abin da ke da haɗari ga mai wani nau'in hawan jinin ido wanda magudanar ruwan cikin idonsa take a ƙuntace. Ga wanda mahaifinsa ke da ciwon, wannan kaɗai ya isa dalilin a duba shi kafin ya ci gaba da irin wannan magani.

Yanzu kwalba ta biyu, wadda ta burge ka. Ban yi mamaki ba da ta burge ka. Dexamethasone sitiroyid ne, kuma sitiroyid yana kashe kumburi kowane iri ne, cikin sauri, har mutum ya ce ya samu waraka. Likitocin ido suna amfani da shi, magani ne mai daraja a hannunsu. Sai dai idan sun ba mutum, sukan ƙayyade masa kwanaki, su ce ya dawo a auna ƙarfin ruwan cikin idonsa, saboda sun san abin da yake yi a ɓoye. A cikin ido akwai ruwa da ke gudana kullum, yana shiga yana fita ta wata 'yar magudana. Sitiroyid yana toshe wannan magudana sannu a hankali. Ma'aunin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Kusan mutum 1 cikin 3 idan ya yi makonni huɗu zuwa shida yana ɗiga sitiroyid mai ƙarfi, ma'auninsa zai hau, wasu kaɗan kuma nasu zai hau sosai. Waɗanda iyayensu ko 'yan uwansu na jini ke da hawan jinin ido suna cikin waɗanda abin ya fi saurin kamawa. Kai ke nan, ɗana.

Abin da ke ba ni tsoro game da wannan hawan shi ne ba ya ciwo. Ido fari fes, babu ƙaiƙayi, mutum yana murna, jijiyar gani kuwa tana mutuwa daga gefe-gefe. Kafin ya lura gani ya ƙuntata, abin da ya tafi ya tafi, babu maganin da ke dawo da shi. Bayan wannan, daɗewa a kan sitiroyid yana kawo yanar ido ga mai ƙananan shekaru. Yana kuma danne garkuwar ido, ta yadda idan akwai ɗan ƙurji a kan baƙin ido, ko ƙwayar cutar hapis mai fito da ƙuraje a leɓe, ko funfuna, sai su samu sarari su ci tantanin har ya huje. Neomycin ɗin da aka haɗa a ciki kuwa maganin kashe bakteriya ne, alaji ba bakteriya ba ne, bai da aikin yi a idonka. Shi kansa ma yana cikin magungunan da aka sani da tayar wa wasu mutane alajin fata. Barin naphazoline a koma wa wannan, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kwana goma ka yi, ina fatan babu abin da ya lalace. Amma fata ba awo ba ne. Ka je asibitin ido, ka ajiye kwalaben biyu a gaban likita, ka faɗa masa tsawon lokacin da ka yi kana amfani da kowacce ba tare da ragewa ba, ka kuma ambaci ciwon mahaifinka. Awon ba ya ɗaukar minti biyar kuma ba ya zafi. Ko babu zancen sitiroyid, ɗan mai hawan jinin ido ya kamata ya riƙa zuwa ana duba shi lokaci-lokaci. Abokin aikinka ma ka gaya masa, cikin mutunci, don da kyakkyawar niyya ya ba ka, kuma shi ma idonsa na cikin haɗarin da bai sani ba. Ban da haka, kwalbar da ta taɓa gashin idon wani ba a ɗiga ta a idon wani.

To me za ka ɗiga? Akwai maganin da aka yi domin wannan ciwo naka takamaimai, kuma a ƙasashe da dama ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Ka riƙe sunaye biyu: ketotifen da olopatadine. Kowannensu aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana tare histamin ɗin da ya riga ya zuba, don haka ƙaiƙayi kan lafa cikin mintuna. Yana kuma kwantar da ƙwayoyin mast ya hana su fashewa, don haka idan ka dage kullum, gobe ta fi yau sauƙi. Ba ya matse jijiya, ba ya da wancan ramuwar gayya ta jan ido, ba ya hawar da ruwan ido kamar sitiroyid. Ketotifen mai ƙarfin 0.025% ɗigo ɗaya ne sau biyu a rana, tsakaninsu awa 8 zuwa 12. Olopatadine kuwa ya danganta da ƙarfinsa: mai 0.1% sau biyu a rana, mai 0.2% da mai 0.7% sau ɗaya tak. Da can sai da takardar likita ake samunsa a Amurka, sai a shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a riƙa sayar da shi kai tsaye, da sunan Pataday. Dokar kowace ƙasa daban ce, wani wuri har yanzu sai likita ya rubuta, amma tunda ga ka za ka asibiti, ka tambaya a can.

Akwai na uku, tsohon magani amintacce, sodium cromoglicate mai ƙarfin 2%, wanda a Ingila ake sayar da shi ba da takarda ba. Shi aikin kwantar da ƙwayoyin mast kawai yake yi, ba ya tare histamin. Saboda haka sau huɗu ake ɗiga shi a rana, kuma yakan ɗauki kwanaki, har zuwa mako biyu, kafin a ga cikakken amfaninsa. Mutane da yawa suna yar da shi a rana ta uku su ce ba ya aiki, alhali ba su ba shi lokacinsa ba ne. Idan shi ka samu, ka yi haƙuri da shi. Ya fi dacewa da wanda ya san lokacin da alajinsa ke tashi a shekara, ya fara ɗigawa tun kafin lokacin ya zo.

Ka koyi duba sunan sinadarin da ke cikin magani, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan babban suna. Kamfani ɗaya kan fitar da kwalabe huɗu ko biyar masu kama da juna, wata ta alaji, wata ta farar da ido, wata ta bushewa. Duk wadda ka ga an yi mata kirarin tana kawar da ja nan take, ka juya ta ka karanta. Duk sunan da ka ga dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone, ka mayar da ita inda ka ɗauko, ko da mai kanti ya ce ita kowa ke saya.

Dole in gaya maka gaskiya game da kwanakin da ke tafe, kada ka ce Anti ta ɓoye maka. Ranar da ka daina naphazoline, idonka zai yi ja fiye da yadda ka taɓa gani. Zai iya ɗaukar kwanaki, ga wanda ya daɗe kamar kai har mako biyu ko fiye, kafin hanyoyin jinin su koma daidai. A nan ne mafi yawan mutane ke karaya su koma wa kwalbar. Kada ka bar ta a aljihu ko a durowar ofis, domin ranar da aka kira taro hannunka zai kai kanta. Abin da zai taimake ka a wannan tsakani abu biyu ne masu sauƙi. Na farko, tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi a ɗora a kan ido a rufe na minti biyar zuwa goma. Sanyi yana tsuke jijiyoyin ba tare da ya bar bashi ba, yana kuma kashe ƙaiƙayi. Na biyu, maganin ɗigawa mai kama da hawaye, wanda babu komai a cikinsa sai abin jiƙa ido, irin su hypromellose ko carboxymethylcellulose. Yana wanke ƙurar da ta sauka, yana tsarma histamin. Ka sa shi a firji, za ka ji daɗinsa ninki biyu. Idan za ka ɗiga shi fiye da sau huɗu a rana, ka nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, mai zuwa cikin 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, domin sinadarin da aka fi sawa, benzalkonium chloride, shi ma yana cin saman ido idan ya yi yawa.

Sai susa. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, amma kowace murza da ka yi wa idonka, ƙwayoyin mast kake fasawa da hannunka, daɗin minti ɗaya ya jawo ƙaiƙayin awa guda. Yawan murza ido shekara da shekaru kuma yana da alaƙa da wani ciwo da ke sa tantanin gaban ido ya yi siriri ya tsiro kamar mazurari, gani ya gurɓace. Idan ƙaiƙayin ya taso, ruwan sanyi za ka nema.

Yadda ake ɗigawa ma yana da nasa ilimi, kuma na lura ba kasafai ake koya wa mutane ba. Ka wanke hannu. Ka ɗaga kai, ka ja fatar ido ta ƙasa da yatsa ta yi kamar 'yar jaka, ka saki ɗigo ɗaya a ciki, bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa. Ɗigo ɗaya ya fi abin da ido ke iya riƙewa, na biyun a kumatu yake ƙarewa. Sai ka rufe ido a hankali, ban da ƙifce-ƙifce, ka danna lungun ido na wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu. A wannan lungu akwai 'yar hanya da ke kai hawaye cikin hanci, idan ka toshe ta magani zai zauna inda ake bukatarsa maimakon ya gangara maƙogwaro ka ji ɗacinsa. Idan magani biyu za ka ɗiga, ka bar aƙalla minti biyar a tsakani. Mai sa gilashin mannawa a ido ya cire shi tukuna, ya jira minti 10 zuwa 15 kafin ya mayar, idan idon ya yi ja kuwa ya haƙura da shi gaba ɗaya. Ka rubuta ranar da ka buɗe kwalba a jikinta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yar bayan kwana 28, sai idan takardar maganin ta faɗi wani abu daban.

Kada ka ɗauki zancen tsabtar kwalba da wasa. Tsakanin 2022 da 2023 a Amurka, wasu kwalaben maganin jiƙa ido da suka gurɓata da wata ƙwayar bakteriya mai taurin kai sun harbi mutum 81 a jihohi 18. Wasu sun rasa gani, an cire wa mutum 4 ido, mutum 4 sun rasu. Wancan gurɓatar daga masana'anta ta fito, amma irin ƙwayar nan tana iya shiga kowace kwalba da aka bari a buɗe ko aka riƙa yawo da ita daga hannu zuwa hannu. Kuma idan akwai ƙananan yara a gidanku, kwalbar naphazoline ɗin nan ka nesanta ta da su tun yau. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka idan ya haɗiye ko da mililita 1 zuwa 2 na irin wannan magani, bugun zuciyarsa da numfashinsa na iya raguwa har ya suma. Kwalba ce ƙarama, ruwan ba shi da launi, yaro zai ɗauke ta abin wasa.

Tunda kana atishawa, hancinka ma yana cikin rikicin. Ƙwayar cetirizine ko loratadine sau ɗaya a rana tana taimaka wa hanci da ido tare, sai dai takan ɗan busar da ido, don haka ka haɗa da maganin jiƙawa. Chlorpheniramine yana sa barci, bai dace da mai aiki ko mai tuƙi ba.

Akwai alamun da idan ka gan su, zancen alaji ya ƙare, asibiti za ka nufa a ranar: ciwo na gaske a cikin ido ba ƙaiƙayi ba, kasa kallon haske, gani ya dushe kuma ƙifta ido bai gyara shi ba, ido ɗaya kaɗai ya yi ja, kwantsa mai kauri ruwan ɗorawa ko kore da ke manne ido da safe, farin ɗigo a kan baƙin ido, ko ganin zobe mai launi kewaye da fitila tare da ciwon kai da tashin zuciya. Haka nan idan ka yi kwana uku a kan ketotifen ko olopatadine ƙaiƙayi bai ragu ko kaɗan ba, ka koma a sake dubawa.

Na bar zancen shugabanka zuwa ƙarshe, ba don ƙanƙantarsa ba. Na ji zafin da ke cikin rantsuwarka. Mutum ya tsare kansa tun yana yaro, rana ɗaya a dube shi da abin da bai taɓa kusanta ba, abin da ciwo. Kuma na fahimci wannan kunyar ce ta sa kake ɗiga magani sau bakwai, farin ido kake nema don a daina kallonka. Amma ka lura da abu ɗaya: gefe ya ja ka, bai tozarta ka a gaban jama'a ba. Mai irin wannan hali ana iya magana da shi. Idan ka je asibiti ka roƙi likita ya rubuta maka 'yar takarda mai bayanin ciwon. Ka kai masa da kanka, ka ce ranka ya daɗe, ga abin da ke damuna, kuma an ce in daina wani magani, don haka idona zai ƙara ja na mako biyu kafin ya washe. Ka riga shi faɗa, kada ya gani ya sake zargi. A zaman nan kuma ka roƙi abin da shi ne ainihin maganinka: ko a sauya maka wurin aiki, ko a share ɗakin fayil ɗin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a gyara inda danshi ke shiga, a bar iska tana ratsawa. Kafin a yi hakan, ka riƙa sa takunkumi da tabarau mai rufe gefe duk lokacin da za ka motsa tsofaffin takardu, ka wanke fuska da hannu da ka fito, in ka koma gida ka sauya kaya kafin ka kwanta.

Ka rubuto mini bayan an auna idon, ka faɗa mini lambar da aka samu a kowanne. Ka gaishe da mahaifinka, Allah ya ba shi lafiya, kai ma Allah ya yaye maka.